Tikitin Baba Yana Hannuna

Da tikitinmu da komai, muna ji muna gani jirgin ƙasa ya tashi ya bar mu a tashar Kaduna.

Tun daga Daudawa na ɗauko Baba, likitan ido na jiransa a Abuja. Da aka fara shiga sai ya koma gefe, wai shi ba zai yi turereniya da matan mutane ba. Kafin su gama wucewa jirgi ya cika maƙil, aka rufe ƙofa.

Mai sayar da tikiti ya ce mu yi haƙuri, ko kai bai ɗago ba.

Baba ya ce, "Taho mu tafi, ɗiyata. Allah bai nufa ba."

Na ce, "Baba, ba Allah ya ce a sayar wa wani kujerarku ba. Wallahi sai sun biya mu, har kuɗin motar da ta kawo mu."

Sai ya miƙo min tikitin da ya dunƙule zai yar.

Na kai takardar koke ofishin tashar, kuma duk sati zan koma sai sun biya. Kunyar dattijo ba laifi ba ce.

Wanda aka taɓa bari a tasha, ya kuka yi?