Yammacin da Na Ƙi Duba Wata

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na tsaya na yi tunani, amma yammacin da na ƙi sa idona a madubin taubashina, wannan kam da shi za a kai ni kabari.

A lokacin ina noman albasa a Bodinga, sai dai ba da albasa aka san ni ba. Da ido aka san ni. Duk ƙarshen wata, in rana ta faɗi, nakan hau tudun da ke bayan filin idi, jama'a su biyo ni, kuma sau da yawa ni ke fara nuna jinjirin wata da yatsa. In na azumi ne ko na Sallah, da shaidata hakimi ke aikawa Sakkwato. Ba a ba ni komai a kan haka. Amma in na shiga kasuwa na ji an ce "ga mai idonmu nan," sai in ji na ƙoshi, a shekarun da sabulu da shinkafa ma sai an yi layi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, idon ya fara rauni. Nakan dubi yamma in gan ta kamar an shafa mata mai.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, a Shagari yake, kuma tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Yana gyaran rediyo, yana kuma share ɗakin kimiyya a wata makarantar sakandare. Da albashi ya daina zuwa a kan kari, wani malami Ba'indiye ya tattara zai koma ƙasarsu, ya bar masa madubin hangen taurari. Wani bututu ne mai kaurin turmi, a kan ƙafafu uku, da ɗan akwati mai nuna jajayen lambobi a maƙale a gefensa. Aikin akwatin shi ne nemo maka abin da kake so a sama. Da fari za ka nuna masa taurari biyu da ya sani, domin ya gane inda yake. Daga nan sai ka danna masa lambar abin da kake nema, ka riƙa juya bututun a hankali har lambobin su koma sifili, ka leƙa, ka tarar da shi a tsakiya.

Labari ya iso Bodinga cewa mutumin Shagari ya samu ƙarfen da zai ga wata tun kafin kowa. Daren nan tuwo bai shiga cikina ba. Washegari na hau mota, wai na je gaida kawu.

"Ku mutanen Shagari," na ce masa, "shugaban ƙasa ɗan garinku na, mulki na hannunku, yanzu watan ma sai kun amshe?"

"Bawana, zamna ka ga ikon Allah," in ji shi.

Na zauna, amma ban ga komai ba, domin akwatin ya ƙi aiki. Lambobi su koma sifili, a leƙa, sai baƙin sama. Wayyo, daɗin da na ji! Duk bazarar nan na mayar da Shagari kamar gonata, ina zuwa kallon wahalarsa. Ya canja batir, ya goge bakin wayoyi da yashi mai laushi, ya gano wani ɗan faifai mai haƙora da ke zamewa in an juya bututun, ya ɗaure shi. Ya ɗora kwanon ruwa a kan ƙafafun don ya tabbatar ƙasa ba ta karkace ba. Duk a banza. Abin da ya fi ɗaure masa kai, kuskuren kullum ƙaruwa yake, yau ɗan kaɗan, bayan mako ya yi nisa. Ni kuwa in koma Bodinga in ba da labari a majalisa, har da ƙari.

Ana gab da azumi na sake zuwa, na tarar mutane sun taru a ƙofar gidansa bayan magariba. Ranar ce na fara lura da yadda yake saita abin. Malamin ya ce masa ya fara da tauraron da ya fi kowanne haske a wajen yamma, shi kuwa sai ya juya bututun ya ɗora shi a kan Zara. Na fashe da dariya har da riƙe ciki, na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, ku ga masanin taurari! Kan Zara ya aza ƙarhenai! Kai, matar wata ta taɓa zama wuri guda? Yau tana nan, bayan sati ta matsa. Ko yaran da ka kiwon awaki sun san wanga!"

Aka yi ta dariya. Na so in ga ya sunkuyar da kai. Maimakon haka sai ya tsaya yana kallona, baki buɗe.

"Mi kac ce? Sake hwaɗi."

Ashe akwatin taurarin da ba su sauya mazauni a tsakanin 'yan'uwansu yake so, kuma wanda malamin ke nufi yana can kudu maso yamma, farin nan mai ƙyalƙyali. Nan take ya kashe akwatin, ya kunna, ya nuna masa wancan, ya nuna masa na biyu. Ya danna lamba, ya juya, ya leƙa. Sai ya yi tsalle ya rungume ni a gaban mutane, yana cewa, "Bawana ya gyara! Wallahi shi ya gyara!" Kowa na sa mini albarka. Na koma gida a bayan a-kori-kura ina cizon yatsa, ni da bakina na ba shi abin da zai binne ni.

Ranar duban watan Sallah ya kawo madubin Bodinga, domin hakimi ya nemi a gwada. Tun da asuba ya saita shi a kan tuduna, tuduna da nake tsayawa shekara da shekaru, ya haɗa shi da batirin mota, ya rufe da tabarma, ya hana kowa taɓawa. Da yamma hadari ya taso, ya bar ɗan fili ja a ƙasan yamma. Na tsaya ina ƙura ido har hawaye na zuba, ban ga komai ba. Da na waiga, duk jama'ar da ta saba tsayawa a bayana tana bayansa.

Ya juya bututun a hankali, ya leƙa, ya ce, "Allahu akbar. Ga shi nan, siriri kamar zare." Samari biyu suka leƙa, suka ce sun gani.

Wakilin hakimi ya dubi liman, suka yi shawara. Sannan ya ce, "Mu ba mu saba da shaidar ƙarhe ba. Amma in mai idonmu ya leƙa ya ce wata na, yanzu mota ta tashi Sakkwato."

Taubashina ya matsa gefe, ya share bakin madubin da hannun rigarsa. "Taho, bawana. Kai ka gyara shi, kai ya dace ka hwaɗi."

Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, ƙafata ta motsa. Na so in gani, na yi kewar siririn farin nan. Amma na ce a raina, in na sunkuya a kan ƙarfensa a gaban mutanen Bodinga, na shaida da kaina cewa idona ya ƙare.

"Ranka ya daɗe," na ce wa wakili, "ni da idon da Allah ya ba ni nika duban wata. Kuma ban gane shi ba."

"Don Allah ka leƙa," in ji taubashina, ƙasa-ƙasa. Bai ce bawana ba. "Hadari na ruhewa."

Na harɗe hannuwa a baya. Muna tsaye hadarin ya haɗe, aka kira salla, aka watse a kan gobe akwai azumi.

Bayan isha'i rediyo ya sanar daga Sakkwato cewa an ga wata a wasu garuruwa, gobe Sallah. Aka jera sunayensu, babu namu. Mata suka tashi daka cikin gaggawa suna mita. Da safe a filin idi wani dattijo da ya goye ni ina yaro ya kama hannuna ya ce, "Da ka duba ba ka gani ba, da mun ce raunin ido na. Amma ƙin dubawa ka yi."

Daga wannan shekarar ba a sake aikowa a kira ni tudu ba. Taubashina bai taɓa tayar da zancen ba, ya ci gaba da tsokanata kamar da, kuma wannan ya fi mini zafi. Akwatin ya lalace bayan wasu shekaru, ba a samu kayan gyaransa ba, idona kuma ya riga shi tafiya. Har yau ban taɓa leƙa madubin nan ba.

Abin da na koya, ina gaya wa duk mai wata baiwa da ya ga na bayansa na tasowa: raunin ido mutane kan yafe shi, domin kowa zai tsufa. Sunan da na yi ta tsoron ɗan'uwana zai ƙwace, shi miƙo mini ya yi da hannu biyu, hassada ce ta hana ni karɓa.