Sallamar da Maigidana Ya Amsa da Ƙyar

A Islamiyyar matan aure da nake zuwa a Gaya, malamarmu ta ce sallamar nan da muke yi kullum daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da salama, wato aminci. Wanda ya yi maka ita ya ɗauki alkawarin ba zai cuce ka ba, kai ma in ka amsa ka ɗauka. Dariya ta kuɓuce mini a cikin aji, don maigidana na tuna.

Lokacin muna Toranke yana da amini Bafulatani, tare suka taso. Kowace kaka shanunsa ke kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Wata shekara suka shigo kafin mu gama roron wake, suka yi mana kaca-kaca. Maigidana, da yake zuciyarsa a kusa take, ya ce shi da mutumin nan har abada. Maigidan tausayi ya ba ni. Ba shi da wani abokin hira, kullum da la'asar yana ƙofar gida shi kaɗai yana korar ƙuda.

Ni dai ban yi faɗa da kowa ba. Matar aminin ta ci gaba da miƙo mini nono ta bayan danga, ina auna mata gero. Maigida ya sha fura har da lashe ludayi, ya ce, "Wannan nonon daga ina?" Na ce, "Daga saniya." Bai sake tambaya ba, bai kuma daina sha ba.

Wata Juma'a da hantsi muka ji sallama a ƙofar gida, kuma muryar aminin ce. Maigida ya ƙame a kan tabarma. Aka yi ta biyu. Na san in an yi ta uku ba a amsa ba mutumin zai juya, kuma da kunya irin tasa ba zai sake dawowa ba.

Na ce, "Malam, sallama ake yi."

Ya ce, "Ina da kunne."

Aka yi ta uku. Ya amsa ciki-ciki, kamar mai ciwon haƙori.

Na ce, "Bai ji ba fa."

Ya harare ni, ya miƙe, ya amsa da ƙarfi har kaji suka watse. Ya naɗe tabarmar ya nufi zaure, sai ya juyo.

"Dama mana fura. Ki zuba nonon da yawa, ai nasa ne."