Ƙofar Malam Halliru

Duk layinsu a unguwar Erdington ta Birmingham, ƙofar Malam Halliru ce kaɗai ba a kullewa da rana. Injiniya ne, mutumin Gwarzo, mai dariya tun daga ciki. Ranar da ya fara sauka Manchester karatu, wuni ya yi a Oxford Road da akwati a hannu, yunwa na cin sa, bai ga ƙofa ɗaya da zai tura ya yi sallama ba. Abin ya tsaya masa a rai. Da Allah ya ba shi gida a Birmingham sai ya mai da falonsa zaure: ɗalibi ya turo ƙofa, ya ci tuwo, ya yi gaba.

Maƙwabcinsa Alfred, tsohon direban bas da ke zaune shi kaɗai, ba ya gajiya da mita a kan buɗaɗɗiyar ƙofar. Ta kan katanga yake kiran sa “devil-may-care”. Halliru ya tambayi ’yarsa Zinatu ma’anar, ta ce haka Turawa ke ce wa mai afka wa haɗari yana raha, ko a jikinsa.

“Ɗan ko-oho ke nan,” in ji shi, yana ƙyalƙyala dariya. “Wallahi tsohon nan ya san ni.”

Matarsa Batulu kam ba ta yi dariya ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, aiki ya yi wuya, ga shi ɓarayi sun fasa wani gida a layin.

“Baban Zinatu, nan fa ba Gwarzo ba ce,” ta ce. “Daga Juma’a zan kulle. Mai son tuwo ya danna ƙararrawa.”

Ya san gaskiyarta ce. Ya kuma san ɗalibi mai jin yunwa kunya ba za ta bar shi ya danna ba. Ya ce to, amma ranar ko shayinsa bai shanye ba.

Juma’a ta zo, Halliru ya tafi masallaci jiki a sanyaye. Batulu ta ɗauko makulli ke nan sai ƙofa ta motsa. Alfred ne, ya sha kwat ɗinsa na fita, hula a hannu. A makon ne aka rufe cibiyar da tsofaffin unguwa ke cin abincin rana, ya shirya kamar yadda ya saba, ya rasa inda za shi.

“Ƙofarku a buɗe take kuma,” ya ce da Turanci, yana ta ɓata rai. Idonsa kuwa na can wajen da miyar kuka ke tashin ƙamshi.

Tausayi ya kama Batulu. Ta dubi makullin, ta dubi tsohon.

“Mun sani,” ta ce. “Shigo.”

Da Halliru ya dawo, ya tura ƙofa ta buɗe. Ya tarar da Alfred yana fama da tuwo da cokali mai yatsu, makullin kuma na ajiye kusa da kwanon yaji.