Hoton Gonar Habi

Habi ta Kagara ba ta taɓa cin abin banza ba. Tun tana budurwa, lokacin da ake ginin dam ɗin Goronyo, take bin uwarta sayar wa leburori fura. Da mijinta ya rasu ya bar mata fili a can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya ƙoshi, sai ta ɗaure zane ta shiga noman albasa kamar namiji.

Bana rairai ya cinye wutsiyar. Iska ta yi ta kwaso shi tana tsibewa, har kanal ya shafe, tudu bayan tudu, kowane a lanƙwashe kamar lauje. Irin albasarta ya kai dashe, ruwa babu. Ta yi ta sintiri wurin Alhaji Maccido, shugaban ƙungiyar masu ban-ruwa, mutumin da ko hanyar wutsiyar bai sani ba. Kullum maganarsa guda: a kawo shaida, katafila ba ta fita a kan surutun mata.

Ran nan ta kai wa Malama Justina, mai koyarwa a sakandare, wake. Tana shiga ɗaki ta yi turus gaban wani hoto a bango. Tuddan rairai ne jajaye, a lanƙwashe, ba itace ba tsuntsu.

"Malama! Wa yad ɗauki gonata?"

"Wace gona, Inna?"

"Wagga! Ga kanal nan an binne."

Justina ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, wannan Mars ce, wata duniya can sama. Iska ce ta tara yashin. Na'ura aka aika ta ɗauko hoton."

"Su wa ka noma can?"

"Ba kowa."

"To mi suka zuwa nema?"

"Kallon yashi."

Habi ta ja tsaki mai tsawo. A aika ƙarfe har sama don kallon rairan da bai tare wa kowa ruwa ba, amma katafila ta kasa zuwa Kagara daga Goronyo! Ta ce a ara mata hoton. Justina ta ɗauka jikoki za a nuna wa, ta ciro mata.

Habi ta sami Alhaji Maccido a ƙofar gidansa, kan kujera, yana sakace. Ta shimfiɗa hoton a gabansa. Niyyarta ta kunyata shi ne, ya ce wannan ba Kagara ba ce, ita kuma ta ce to taso ka gano da idonka.

Ina! Alhaji ya gyara tabarau, ya ƙura ido, ya kama salati.

"Subhanallahi! Habi, hakan ga wurin yak koma?"

"Kai ka faɗi, Alhaji."

"Na gane shi sarai. Ga ma inda gawon nan yake dauri."

Ba a taɓa yin gawo a wurin ba. Mutanen fadarsa suka leƙo, kowa na gyaɗa kai, wani har yana nuna iyakar gonar kawunsa.

"Wanga ya fi ƙarfin katafila," in ji Alhaji. "Asarar mai ta. Daga yau a cire wutsiya daga rabon ruwa."

"Alhaji, wata duniya ta! Sama take! Tambayi Malama!"

"Ai kam wata duniya ta koma, baiwar Allah. Sai haƙuri."

Ta rantse, ta maimaita, ya ce ba a musu da hoto. Wai shugaba ke nan, tir.

Washegari Habi ta tuge irin da ya saura da rai, ta jera a kwando, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta hau kabu-kabu zuwa Tursa, inda ƙanenta Halliru ya yarda ta dasa a gefen fadamarsa, in an cire a raba biyu.