Kujerar Bayan da Ta Riƙe Yaya Ɗanlami

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Ɗanlami makwancinsa a nan Riyad. Cikin tsananin zafin garin nan ya rasu, lokacin da direba ba ya iya kama sitiyari da rana sai da tsumma, shi ya sa duk shekara da iska ta fara ƙona fuska sai ya faɗo min a rai. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba. Ni tuƙi ya kawo ni ƙasar nan, shi kuwa baduku ne, sana'ar gidanmu a Kano tun kaka da kakanni. Kuma gaskiya ɗaya ce: har yau idan na yi masa addu'a, ina shafawa sai in ji haushinsa ya taso min.

A unguwar Gubaira yake aiki, a wata ƙaramar warsha ta gyaran kujerun mota. Mai wurin, wanda kuma shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama, wani dattijo ne da ake kira Abu Nasir. Dattijon yana da wata tsohuwar motar Ingila, irin waɗanda ake ƙerawa da hannu, tun yana saurayi ya saye ta, kuma ba wanda yake taɓa cikinta sai Yaya. Ni mota a wurina inji ce da taya huɗu. Yaya ne ya zaunar da ni wata ranar Juma'a ya nuna min abin da idona bai taɓa gani ba. Katakon gaban motar, ashe daga itace ɗaya aka yanko shi aka buɗe biyu, zanen dama ya zama daidai da na hagu. Siririn layin da ya bi gefenta daga gaba har baya, wai mutum ne ya ja shi da buroshi, ba tare da ya dogara da komai ba. Fatar kuwa sai ya sa hanci ya shaƙa, ya ce bijimin da aka feɗe bai taɓa sanin kaska ko ƙaya ba, dubi babu tabo ko ɗaya. Na ce to Yaya, aure za ka yi da ita ne? Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Shekarunsa sun ja a ƙasar nan, ga ciwon suga, ga hawan jini, ƙafafunsa sun fara kumbura. Matarsa Uwani tana Kano, ita ta raini yaran ita kaɗai, shi kuma sai ya leƙo bayan shekara biyu ya koma. A ƙarshe dai ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Abu Nasir bai ja da shi ba, ya sa aka buga masa takardar fita ta ƙarshe, aka yanki tikiti, Uwani ta sa aka yi wa ɗaki fenti. Kowa ya san ranar da zai sauka.

Ana cikin haka ne ya je yi wa motar shafar mai ta sallama, sai ya ga zaren kujerar baya ya ruɓe ya fara saki. Dattijon da bakinsa ya ce, “Halas, shi ke nan, ya Ɗanlami, bar ta haka, tafi wurin iyalinka.” Ina! Ya ce aikin 'yan kwanaki ne, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Da ya buɗe ne ya tarar fatar ta bushe fiye da yadda ya zata. Dole a jiƙa ta da mai, a jira ta sha, a ƙara, a jira. Kuma fatar da aka farke a zafin Riyad ba a tafiya a bar ta, ƙanƙancewa take yi, idan aka dawo ramukan wannan gefen ba za su ƙara haɗuwa da na wancan ba.

Ramukan nan su ne suka ci mu. Shi Yaya ba ya huda sabon rami a tsohuwar fata. Ramin da Baturen farko ya huda, nan yake bi da basillarsa, ɗaya bayan ɗaya, da zaren da ya murza da kakin zuma. Idon da suga ya fara ci, sai ya matso da fatar dab da hancinsa yana lalube. Aka ɗaga tikiti. Aka sake ɗagawa. Ranar da na je na same shi zaune a ƙasa ya miƙe kumburarriyar ƙafa, raina ya ɓaci, na ce, “Haba Yaya, don girman Allah ka bar musu kayansu. Ga masu keken ɗinki nan a layin, yini guda su zuge ta.”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Sabo, keke sabon rami zai huda kusa da tsoho, baɗi war haka ta tsage. Wanda ya ɗinka ta bai san ni ba, amma ya bar min hanya. Ni na farke, ni zan rufe.”

Ya kuwa rufe. Ya mayar da kujerar, ya goge ta, ya kira ni ya ce in zo in ɗaure masa akwati. Ana jibi zai tashi ya faɗi a ƙofar warsha bayan sallar la'asar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni na kira Uwani. Ba na son tuna wannan wayar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Warshar tana nan, amma yanzu fatar roba ake shimfiɗa wa kujeru, a manna da gam, mai mota ya sha shayi ya ɗauki abarsa. Motocin Ingila sababbi sun cika titunan arewacin gari, wasu ma ba sa shan mai, da lantarki suke tafiya, ba ka jin motsinsu sai sun wuce ka. Na san ba zai kalli allon da ke gabansu ba, ƙofar baya zai buɗe ya sa hanci, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, in ya ji hannun mutum ne ya gyaɗa kai. An ce har yanzu da hannu ake yi, to wannan zai yi masa daɗi. Abin da zai ba shi mamaki shi ne tafiya ta yi sauƙi. A da wanda ya zo umara ba ya wuce Makka da Madina. Yanzu yana iya hawa mota ya zo har Riyad, kuma haka Uwani ta zo bara.

Ta tsufa, amma bakin nan yana nan. Tana ganina ta ce, “Kai Sabo, wannan tumbin fa, kai ke tuƙa motar ko ita ke ɗaukarka?” Muka yi dariya, daga nan muka yi kuka. Ta so ta ga kabarinsa. Na kai ta bakin katangar maƙabartar, don mata ba sa shiga, kuma ko da ta shiga, a nan ba a rubuta suna, ni kaina sashen kawai na sani. Ta yi addu'arta ta cikin mota. Da muka juya sai ta ce to in kai ta ta ga motar.

Abu Nasir ya riga mu gidan gaskiya shi ma, motar tana hannun ɗansa Nasir a gidansu na unguwar Al-Shifa, a rufe cikin inuwa. Yaron kirki, da ya ji ko wace ce, da kansa ya yaye rigar motar ya buɗe mata ƙofar baya. Ta shiga ta zauna a ɗarare, ta shafa fatar, ta ce in nuna mata inda hannunsa ya bi. Na durƙusa na duba, na sake dubawa. Wallahi ban iya ba. Kujerar gaba da Bature ya ɗinka da ta baya da Yaya ya ɗinka, duk ɗaya. Nasir ya ce in gaya mata ba wanda ya taɓa gane an farke kujerar nan, kuma ko zare ɗaya bai saki ba. Yabo yake yi, na kuma fassara mata yadda ya faɗa.

To abin da ya rage na Yaya ke nan a garin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa: aiki mai kyau wanda kyansa ne ya ɓoye shi. Ban raina ba. Mutum ne da bai iya barin abu rabi da rabi ba, kuma irinsa sun yi ƙaranci. Allah Ya sa abin da ya riƙe da amana ya tsaya masa a can, Ya haskaka inda yake kwance. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce zuciyata ta yarda cinikin ya yi daidai ba.

Uwani ta daɗe a zaune tafin hannunta a kan kujerar. Can ta gyara mayafi, ta miƙo min hannu na taimaka mata ta fito. Sai da muka hau titi sannan ta yi magana.

“Ya iya aiki, Sabo, ban musa ba. Amma ni da ya dawo min, ko da kujerar ta yage.”