Takardar Saifuddeen Da Ke Cikin Roba

Duk wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da Saifuddeen a unguwar Najma ta birnin Doha ya sha lacca kyauta. Mutumin Funtuwa ne, mai gadi a filin jirgin Hamad, amma ko kusa ba ya son a ce masa mai gadi. Shi masanin tattalin arziki ne da ƙaddara ta ajiye a bakin ƙofa. Ko tumatur ne ya yi tsada, sai ya tsare mutane da bayanin cinikayyar duniya har shayinsu ya huce.

Burinsa ɗaya ne, digiri na biyu a tattalin arzikin ƙasa da ƙasa, a wata jami'a da ke Doha mai ɗaukar nauyin ɗalibai. Sharuɗɗan kuwa ya haddace su tamkar Fatiha. Ya ci jarrabawar Turanci, ya yi kwas na ƙididdiga, ya bi tsofaffin malamansa uku da naci har suka rubuta masa wasiƙun shaida. Bana ce damarsa ta ƙarshe, domin tallafin ba ya wuce ɗan shekara talatin da biyar, shi kuwa ya cika su. Saura abu ɗaya, a buga hatiman hukuma a bayan asalin takardar digirinsa.

Takardar nan ita ce ransa. Ranar da ya karɓo ta, shekaru goma da suka wuce, ko gida bai je ba sai da ya biya shago aka yi mata laminatin, aka liƙe ta tsaf cikin roba, don kada gara ko danshi su taɓa ta. Ya sha yi wa Bawah, abokin ɗakinsa ɗan Zangon Kumasi mai tura amalanken kaya, dariyar cewa yana ajiye takardunsa a ambulan kamar jahili.

Saura mako uku a rufe karɓa ya kai ta wani ofishi da ke aika takardu a yi musu hatimi. Ma'aikacin ya juya ta sau ɗaya, ya turo masa abarsa, ya ce babu hukumar da ke buga hatimi a kan roba. Saifuddeen ya gyara tsayuwa zai fara bayani da Turanci, mutumin ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya kira na bayansa.

Bawah ya ba shi shawara ya rubuta wa jami'arsa ta gida ya nemi wata takardar, ya kuma roƙi ta nan ta ɗaga masa ƙafa. Amma ina masani zai ɗauki shawarar mai tura amalanke? Ya ce ai zafi ne ya liƙe robar, zafi kuma zai buɗe ta, ilimi ne mai sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya jona dutsen guga.

"Malam Saifu, don Allah ka bari," in ji Bawah. "Ita kaɗai kake da ita."

"Kai dai zuba ido ka koya."

Ya shimfiɗa tawul, ya goga, ya sa reza a kusurwa, ya ja a hankali. Robar ta ɗago lafiya lau, har ya fara murmushi. Sai dai ta ɗago ne da tawadar. Sunansa da darajar digirin da sa hannun shugaban jami'a duk sun bi roba, aka bar masa takarda dabbare-dabbare kamar bangon da fenti ya ɓare.

Na so in ce na tausaya masa nan take, amma sai da na tuna shayin da ya sa ya huce. Tausayin ya zo daga baya, da aka ce ya daɗe zaune bakin gado yana ɗaga robar a hasken taga, yana karanta sunansa.

Har yau yana bakin ƙofarsa a filin jirgi, ya daina lacca. Ɓangarorin biyu suna cikin ambulan. Bawah ne ya ba shi.