Riga-kafin da yayana ya yi wa ordinatata

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, na koma gida Bande da damina don in haɗa memuwar ɗina, wato littafin binciken da ake rubutawa kafin a kammala karatu. Batun nawa ruwan sama ne da lokacin shukar gero. Ƙafata ta san ƙauyukan Bande da na Sassumbrum, don ni da kaina na bi manoma gona-gona ina tambayarsu yaushe suka shuka, yaushe ruwa ya ɗauke, dami nawa suka ɗaure. Har gonar mahaifiyata na sa a ciki.

Abin da ya rage shi ne lissafi. Malamin da ke duba aikina, wanda muke kira Mushe, ya ba ni wata manhajar lissafi da aka rubuta da Fortran, wani harshen rubuta manhaja. Irin wannan ba ta tashi sai an bi da ita ta kompilatar, wato abin da ke juya rubutun mutum ya zama fishiye, fayil ke nan, da inji zai iya gudanarwa. Ya ce kafin a koma makaranta yana son sakamako, in ba haka ba zai ba wani ɗalibi batun.

Na sa kompilatar, na ba da umarni. Rubutu ya yi ta gudu a allo har na fara murmushi, sai ya tsaya cak. Wai kompilatar ba ya iya samar da fishiyen da ake gudanarwa. Na sake, haka. Na goge shi na sauko da wani, da rezon intanet na Bande da sai ka ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji. Na gyara hanyar da inji ke bi ya same shi, na canja zubi, na koma tsohon zubi. Saƙon nan bai canja ko harafi ɗaya ba. Har magana na fara yi wa ordinatar, wato kwamfutar tawa, mahaifiyata tana leƙowa tana tambaya ko baƙi na yi.

Da abin ya ishe ni na kira Mushe. Ban ma gama karanta masa saƙon ba ya katse ni.

"Kowa ya yi ya wuce, sai ke? Matsalar ba a inji take ba. Lissafi dama ba na kowa ba ne."

Na ce, "Mushe, ko za ka duba hoton allon da na turo maka?"

Ya ce ba shi da lokacin duba hoto, ya kashe waya. Wallahi raina ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na fara yarda da shi.

Yayana yana da shagon fotokofi a Magarya, kuma can nake barin ordinatar ta sha caji duk lokacin da na shiga gari. Ranar wata kasuwa na zauna a shagon na sake gwadawa, shi yana tsaye a kaina yana cin gyaɗa. Wannan karon na buɗe dosiye, wato ma'ajiyar fishiyen da ake aikin a ciki, na zuba masa ido. Sai ga ɗan fishiyen gwaji da kompilatar ke ƙerawa ya bayyana. Kafin in ƙifta ido ya ɓace.

Yayana ya tafa hannu. "Ya cafke shi. Kin ga aiki ko?"

Na ce, "Yaya, wa ya cafke wa?"

"Antibirus mana. Guda biyu na sa miki tun zuwanki na farko, na kashe musu ƙara don kar su dame ki. Duk ordinatar da ta kwana a shagon nan sai na yi mata riga-kafi. Kin san kle ɗin USB na mutanen garin nan, babu mai lafiya."

Ashe kompilatar lafiyarsa lau tun ranar farko. Duk fishiyen da ya ƙera, antibirus na ganin baƙo ne ya haɗiye shi, manhajar kuma ta duba ba ta ga komai ba, sai ta ɗora wa kompilatar laifi. Na kalli yayana. Da ƙanena ne da ya ji a jikinsa. Na ce ya cire min su yanzu, ya cire yana gunaguni wai ban san darajar kyauta ba. Kafin la'asar lissafin ya fito tsaf.

Na tura wa Mushe a ranar, wa'adi bai ma cika ba. Amsarsa layi ɗaya ce: ya riga ya ba wani ɗalibi batun, da duk bayanan da na tara na miƙa masa tun farko, tunda ya ga ba zan iya ba. Ni aka ba ni wani batu, na gama bayan ƴan ajinmu.

Yau ina aikin irin wannan lissafin a Dungas, kuma duk ɗalibin da ya kawo min wannan saƙon, kafin in taɓa komai sai na tambaye shi wa ya riƙe masa inji. Ban taɓa ce wa wani kansa ne bai ja ba, ba kuma zan ce ba. Yayana na yafe masa tuni, har yanzu ma yana taƙama ordinatata ba ta taɓa kamuwa da cuta ba. Mushe ne na kasa. Na taɓa ganin memuwar ɗin ɗalibin nan, na buɗe. Ga gonar mahaifiyata a ciki, da ranar da ta shuka, da damin da ta ɗaure. Na duba daga bango zuwa bango, babu sunana.